Mabuɗin da Ke Jikin Carbin Baba Sallau

Akwai wani mutum a garin nan, ba zan kama sunansa ba don ya san kansa, da yake bin majalisa majalisa yana cewa maganar mabuɗin Zaure ba ta da wata wahala, wai kowa ya san wanda ya kamata a ba. Ƙarya yake yi. Mutumin nan bai taɓa kwance ko sukuru ɗaya a jikin kwamfuta ba. Abin da ke cinsa kawai shi ne babu sunansa cikin waɗanda ake gardama a kansu. Ni da na fara da gyaran rediyo a bakin tasha, ba malamin da ya zaunar da ni, a gabana aka yi komai. Ku gyara zama ku ji, sannan ku yanke hukunci.

Zaure manhaja ce, ita ce fuskar kwamfuta, abin da kake tararwa idan ka kunna, inda kake buɗe takarda ka yi rubutu. Baba Sallau, tsohon injiniyan waya, shi ya harhaɗa ta shekara goma sha huɗu da suka wuce, daga manhajojin da mutanen duniya suka bari a buɗe, kowa ya leƙa cikinsu ya gyara ya raba kyauta. Ya mayar da ita Hausa, ya sa mata murya mai karanta duk abin da aka rubuta. Saboda muryar nan makarantar makafi ta garinmu ta dogara da ita. Da ita ɗalibai ashirin da uku za su rubuta jarrabawar fita.

Ana saura kwana goma sha ɗaya jarrabawa, wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone kwamfutocin makarantar, ɗaya tak ta tsira. Aka samo sababbi, 'yan ƙanana kamar sandar sabulu, marasa cin wuta, sola kaɗai ta ishe su. Kowa ya yi murna. Aka zuba musu Zaure, allo ya yi baƙi ƙirin, ko tari ba su yi ba. Dalili kuwa, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kowane iri da yaren da yake ji. Sababbin na ɗauke da sabon iri, Zaure kuwa da yaren tsohon aka gina ta. Ɗalibin da bai rubuta jarrabawa bana ba sai baɗi. Baba Sallau tsufa ya kama shi, ido ya yi rauni, sai ya kira mutum uku da suka saba zama benci ɗaya a ƙofar gidansa.

Ta farko Hansatu ce, malamar lissafi. Zaure ba abu ɗaya ba ce, ƙananan manhajoji ne sun fi ɗari shida, kowacce ta jingina da wata. Hansatu ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sake gina su da sabon yare. Yawancinsu suka wuce lafiya, arba'in suka turje, ta lallashe su. Mai taurin kan duka ita ce muryar. Wani bawan Allah a wata ƙasa ya rubuta zuciyarta kai tsaye da yaren tsohuwar furosesa don ta yi sauri, shekara ashirin ke nan, ya ɓace ba a san inda yake ba. Hansatu ta ɗauki fensir da littafin ɗalibai, ta warware lissafin sautin da hannu, ta sake rubuta shi daga tushe. A rana ta shida 'yar sandar sabulun nan ta buɗe baki ta ce, "Barka da shigowa Zaure." Ba don ita ba, babu allo, babu murya, babu komai.

Na biyu Tanimu ne, mai gyara a cikin kasuwa. Takardun tambayoyi dole a buga su da rubutun makafi, kuma firintar da ke huda ɗigon nan guda ɗaya ce a makarantar. Manhajar da ke sarrafa ta ita ma tsohon yare take ji, kuma a rufe take, ba a ganin cikinta, kamfanin da ya yi ta ya daɗe da mutuwa. Hansatu ta duba ta ce nan babu abin da za ta gina, don ba a bar mata ko layi ɗaya ba. Tanimu ya feɗe wayar da ke tsakanin firintar da tsohuwar kwamfutar da ta tsira, ya liƙa mata 'yar na'urar sauraro da dalma. Ya aika harafi ɗaya, ya rubuta abin da ya wuce ta cikin waya. Ya aika na biyu, ya rubuta. Kwana huɗu yana wannan leƙen asiri, har ya ƙona yatsa biyu, sannan ya rubuta wa firintar sabuwar manhaja.

Da Hansatu ta ga rubutun ta ce, "Yaya Tanimu, wannan kai ka rubuta ko kaji ne suka bi ta kan madannai?"

Ya ce, "Kajin dai sun huda takarda, Malama. Ke fa?"

Ba don shi ba, da ɗalibai sun zauna gaban kwamfuta mai magana babu tambayar da za su amsa.

Na uku Malam Lurwanu ne, malami a makarantar, makaho tun haihuwa, bai iya rubuta ko layi ɗaya na manhaja ba. A rana ta takwas an yi wa Zaure gwaji dubu biyu, ta ci duka, har an sayo lemo. Malam Lurwanu ya sa abin ji a kunne, ya yi ta bugawa, can ya cire ya ce muryar nan tana ƙarya.

Ran Hansatu ya ɓaci. Ta ce, "Malam, gwaji dubu biyu fa ta ci."

Ya ce, "Gwajin naki yana da kunne?"

Duk muka saurara, ni har da kanga hannu a kunne, ba mu ji komai ba. Aka bar shi a ɗakin. Kwana biyu yana bugawa yana ƙirgawa da ƙwayar gyaɗa a aljihu, har ya kama ta. Idan ka goge lamba ka buga wata da sauri, kamar sau ɗaya cikin hamsin muryar takan faɗi wadda ka goge. Ɗalibi ya goge bakwai ya sa tara, ta ce masa bakwai. Mai ido zai duba allo ya wuce. Makaho zai goge amsar da take daidai, ya yi ta gogewa. Malam Lurwanu bai tsaya a "na ji" ba, sai da ya gano bugun yatsun da ke tayar da ita, ya yi ta a gabanmu sau goma a jere. Ashe tsohuwar furosesa tana bin aiki a layi ne, sabuwar kuwa takan bar na baya ya tsallake na gaba don sauri, sai an hana ta. Hansatu ta ƙara layi ɗaya, cikin minti uku, ƙarya ta mutu. Ba don shi ba, da an yi jarrabawa lami lafiya, yara su faɗi ba wanda ya san dalili.

Aka yi jarrabawa, ashirin da ukun nan duka suka rubuta. Daga nan ne zama ya lalace.

A wannan sana'a kowane gyara ana ajiye shi a tarihin manhaja da sunan wanda ya rubuta. Sunan Hansatu ya fito sau ɗari huɗu da wani abu, na Tanimu sau ɗaya, na Malam Lurwanu babu ko ɗaya, har layin da kwana biyunsa suka haifa sunan Hansatu ke kai. Ya sa an karanta masa tarihin daga farko har ƙarshe, tun ranar yake kiranta "mai ɗari huɗu". Tanimu kuwa abin da ya tsaya masa a wuya shi ne masu manhaja na ƙasashen waje sun rubuto wa Hansatu godiya sun ɗauki muryarta, shi ko sannu da ƙuna ba a yi masa ba. Kada ku ɗauka ita ta tsira. Da shugaban makaranta ya zo ɗaukar hoto, kusa da firinta ya tsaya ya dafa Tanimu, don firinta ce ke ƙara, ita ake gani tana aiki. Ɗalibai kuma da suka fito, hannun Malam Lurwanu suka yi ta nema suna yi masa addu'a. Hansatu tana tsaye a gefe da littafinta na fensir, ba wanda ya tambaye ta. Yanzu idan ɗaya ya ji ɗaya na kan benci, sai ya tuna yana da uzuri.

To, ga mabuɗin. Kwamfutocin makarantar ba sa karɓar wani gyara sai da sa hannun mai riƙon Zaure, kuma sa hannun nan wani mabuɗin sirri ne a cikin ɗan filash, 'yar ma'ajiyar bayanai, da Baba Sallau ya ɗaure a jikin carbinsa. Wanda ya riƙe shi, shi ke cewa wannan ya shiga, wannan ya tsaya. Jumma'a mai zuwa Baba zai koma wurin 'yarsa, ya ce ya gama. In ya tafi da shi, Zaure ta daskare yadda take, duk ƙaryar da ta sake ɓullowa ta zauna ke nan. Kar wani ya ce mini a raba uku. An taɓa ba mutum biyu, suka saɓa, kowa ya fitar da tasa Zauren, makaranta ta haɗa biyun, kwamfutoci suka yi zangon karatu guda bebaye. Tun lokacin Baba ya rantse mutum ɗaya.

Jiya ya tara su. Tanimu ya ce wadda gwajinta dubu biyu suka kasa jin ƙarya ba ta kamata ta zama mai cewa an gama ba. Hansatu ta ce wanda shi kansa ba ya iya karanta abin da ya rubuta makon jiya, ta yaya zai duba na wasu? Su biyun kuma suka haɗu a kan cewa Malam Lurwanu zai sa hannu ne a kan abin da bai san cikinsa ba. Shi kuwa ya ce, "Ku da kuka san cikinta, wa ya fi ni sanin bakinta? Ku kun gyara ta ne. Ni da yarana da ita muke rayuwa."

Baba Sallau ya yi ta jan carbi, duk lokacin da yatsansa ya iso kan filash ɗin sai ya tsallake.

Kai mai yawon majalisa, ka ce abin a bayyane yake. To fito ka cire ɗaya daga cikin ukun nan, ka nuna mini yadda yaran za su rubuta jarrabawa ba tare da shi ba, in ka isa ka ƙaryata ni. Ku kuma sauran, Jumma'a na tafe, carbi yana hannun tsoho. Tsakanin wadda ta ba Zaure murya, da wanda ya sa ta huda takarda, da wanda ya kama ta tana ƙarya, wa za a kwance wa mabuɗin?