Rigar da Aka Rataye a Shagon Maiturare

Akwai wani saurayi ɗan Birnin Gwari mai suna Munzali. Mahaifinsa ya rasu tun yana goye, sai yayan mahaifiyarsa, Alhaji Maiturare, ya ɗauke shi ya riƙe. Alhaji bai taɓa bambanta shi da 'ya'yan cikinsa ba. Kwano ɗaya, bulala ɗaya. Munzali bai san wani uba ba sai shi.

Da ya girma ya shiga soja, aka sa shi cikin sojojin laima, masu dirowa daga jirgin sama. Bayan ya bar aikin ya samu gurbi a ƙasar waje, a wani fili da ake koya wa mutane dirowa da laima don wasa. A can ya haɗu da riga mai fiffike.

Bari in bayyana ta, don yawancinmu a waya kawai muka gan ta. Riga ce da aka haɗa mata yadi mai ƙarfi tsakanin hannu da haƙarƙari, da kuma tsakanin ƙafafu biyu. Idan mutum ya faɗo daga jirgi ya buɗe hannuwa, iska ta cika yadin, sai ya daina faɗuwa kamar dutse, ya riƙa tafiya gaba kamar shirwa. Amma ba da ita ake sauka ba. Kafin ƙasa ta matso, dole ya naɗe fikafikan biyu lokaci guda, ya kai hannun dama ƙasan bayansa, ya fizgo mariƙin laima.

Rigar kuma hawa-hawa ce. Da ƙarama ake farawa, sannan matsakaiciya, sannan babba. Munzali yana kan ƙarama. Malaminsa, wani dattijo da ya tsufa a sana'ar, kullum yana gaya masa cewa ba da ƙarfin hannu ake juya ta ba. Ka ɗan sauke kafaɗa, ta bi. Ka ɗan sunkuyar da kai, ta ƙara gudu. Ka yi kokawa da ita, ta kayar da kai.

Munzali yakan turo bidiyo gida. Alhaji ya zauna a shagonsa na turare yana nuna wa duk wanda ya shigo. Amma wani abu ya tsaya masa a rai.

"Hajiya, dubi nan," ya ce wa matarsa, Hajiya Juwairiyya. "Me ya sa fiffiken yarona ya fi na kowa ƙanƙanta? Kamar ɗan tsako a cikin zabbi."

"Wataƙila ita ce daidai shi, Alhaji."

"Daidai shi? Rashin gata ne dai. Ni kuwa ina raye."

Alhaji mutum ne irin na da. Duk Sallah idan ya kai yadin yara wurin tela, maganarsa ɗaya ce: a ƙara tsawo, yaro zai girma ya cika ta. Munzali da naɗaɗɗen wando ya yi ƙuruciyarsa. Don haka Alhaji bai yi shawara da kowa ba. Ya karɓi awon Munzali wurin telansa, ya aika wa abokin cinikinsa a ƙasar da yake saro turare, ya ce a ɗinko masa wadda fiffikenta ya fi na kowa faɗi.

Da Babbar Sallah Munzali ya zo gida. Bayan an ci nama, Alhaji ya sa aka shimfiɗa rigar a kan tabarma a tsakar gida. Ja ce da baƙi. Ta kusa cinye tabarmar.

Munzali ya durƙusa ya shafa ta. Ya san darajarta, ya kuma san abin da take yi wa wanda bai kai ba.

"Kawu, Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara girma."

"Amin. Kana komawa ka sa ta, ka turo mini in nuna wa mutane."

Munzali ya janye hannunsa daga rigar. A tarbiyyarmu yaro ba ya mayar da hannun babba baya. Hanya mafi sauƙi ita ce ya karɓa, ya ce to. Amma ya san Alhaji zai riƙa tambayar bidiyo, ya kuma san kansa. Wata rana kunya za ta sa ya saka ta.

"Kawu, ku gafarce ni. Ban kai in sa wannan ba."

"Ba awonka ba ne?"

"Awona ne. Fiffiken ne ya fi ƙarfin sanina. Idan ta cika da iska tauri take yi. Hannu ɗaya ya riga ɗaya naɗewa, sai ta kama juya mutum kamar katantanwa, ya kasa kai hannu ga laima. Malamina ya ce sai na ƙware a matsakaiciya tukuna."

"Malaminka ya ce." Alhaji ya gyara zama. "Ni kuma da na goya ka, me na ce?"

"Kawu..."

"Wace rigar na taɓa ɗinka maka da ba ka cika ta ba?"

"Waɗancan a ƙasa nake cika su, Kawu. Wannan ba ta jira."

Alhaji ya miƙe. "To, bar ta. Tun da ta fi ƙarfinka, bar mini kayana."

Washegari ya kai ta shago, ya buga ƙusa, ya rataye ta a buɗe inda kowa zai gani.

Nan da nan labari ya zaga kasuwa. Bakoji, wani dillalin shanu abokin Alhaji tun suna samari, shi ya fi kowa baki. Ranar da Munzali ya je sallama, ya same shi a kan benci a ƙofar shagon.

"A'a, sojan sama! Ga matarka can a rataye tana jiran ango. Ko mu nemo mata wani mijin?"

Aka fashe da dariya. Munzali ya yi murmushi, ya gaishe shi da ladabi, ya durƙusa ya yi wa Kawu sallama. Alhaji ya ce Allah ya kiyaye hanya, idonsa yana kan kwalaben turare.

Munzali ya koma bakin aikinsa da ƙaramar rigarsa. Duk Juma'a yana kiran waya. Alhaji ya ga sunan, ya miƙa wa Hajiya. Ya turo bidiyo, Alhaji bai buɗe ba. Amma Munzali bai fasa kira ba, bai kuma taɓa faɗa wa Hajiya kalma ɗaya marar daɗi a kan kawunsa ba.

Na san gidaje da yawa a garin nan da irin wannan shirun ya shiga. Wasu har aka kai ɗaya makwanci ba a warware ba.

Damina ta zo ta kusa wucewa. An kawo masarar Alhaji daga gonarsa ta Kuyello, an zube ta a tsakar gida tana shan rana. A ranar ne Bakoji ya juya bakinsa kan Alhaji.

"Ni fa na lura, kai ma ba ka taɓa gwada ta ba. Ko tsoron na gado ne?"

Da la'asar Alhaji ya sauke rigar ya tafi da ita gida.

"Hajiya, ɗauko wayarki. Zan sa ta ki ɗauke ni hoto, mu aika masa. Ya ga tsoho ya sa abin da yaro ya kasa."

"Alhaji, hadari fa ya haɗo ta gabas. Mu kwashe masara tukuna."

"Yanzu za a gama. Riga ce fa kawai."

Tsayinsu ɗaya da Munzali, don haka ta shige shi. Hajiya ta ja masa zif na ƙafafu da na hannuwa. Ya tako da ƙyar zuwa tsakiyar gida, kamar agwagwa. Ya buɗe hannuwa, ya raba ƙafafu, ya ɗaga haɓa.

"Ɗauka!"

Duk wanda ya zauna a Birnin Gwari ya san iskar da ke gaban hadarin ƙarshen damina. Daga dajin take tasowa, ba ta sallama. Ta shigo ta kan katanga, ta sami Alhaji a buɗe.

Rigar ta kumbura. Ya yi baya taku biyu. Ya so ya sauke hannuwa, na hagu ya sauka, na dama ya ƙi. Sai iskar ta kama fiffiken dama, ta juya shi sau ɗaya, ta ƙara juya shi, ta maka shi a kan tarin masara. Hula ta yi nata wuri.

"Hajiya! Cire ni! Cire ni!"

"Ka kai hannu ka buɗe mana!"

"Hannun ba ya zuwa!"

Hajiya ta tabbatar babu inda ya karye, sannan dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a ƙasa. Da ƙyar ta zare shi kafin ruwa ya sauko. Suka kwashe abin da suka iya na masarar, sauran ya jiƙe.

Alhaji ya zauna a rumfa yana kallon ruwan, yana murza kafaɗa.

"Hajiya, ƙafata fa a ƙasa take. Iskar tsakar gida ce wannan."

"Ita ce."

"Shi kuma a can sama na ce ya sa ta. Inda babu masarar da za ta tare shi."

Hajiya ta miƙa masa wayarsa.

Ba Juma'a ba ce, don haka da Munzali ya ga kiran ya ɗauka da sauri.

"Kawu? Lafiya?"

"Lafiya lau. Munzali, wannan rigar... kada ka kuskura ka sa irinta."

"To, Kawu."

"Ko wani ya ba ka aro. Ko an yi maka gori. Sai malamin nan naka ya yarda, kuma sai na ji daga bakinsa."

"Ai ba ya jin Hausa, Kawu."

"Sai ya koya!"

Munzali ya yi dariya. Can ya jiyo Hajiya daga gefe tana cewa ta samu hoton fa, tun kafin a faɗi da kuma bayan an faɗi. Alhaji ya ce idan ta aika, shi da ita ne. Ta aika.

Yanzu Munzali ya hau matsakaiciya. Alhaji ya koma nuna bidiyo a shago, har yana yi wa mutane bayani: ku dubi kafaɗar, da ita yake juyawa, ba da hannu ba. Babbar rigar tana cikin akwati a ɗakinsa, an naɗe ta da kyau, tana jiran lokacinta.

Bakoji ya gwada tsokanarsa sau ɗaya bayan haka. Alhaji ya ce masa, a gaban kowa, duk mai ganin yaronsa matsoraci ne ya zo gida ranar da hadari ya haɗo, za a ba shi aron rigar kyauta, Hajiya kuma za ta ɗauki hoto.

Har yau babu wanda ya zo.

Darasi: Faɗin "ban kai ba tukuna" ba tsoro ba ne, kuma gaya wa babba gaskiya cikin ladabi ba raini ba ne. Yara, ku yi haƙuri da fushin iyaye, kada ku yanke gaisuwa. Mu kuma manya, kada ƙauna ta sa mu tura yaro matakin da bai kai ba don a yabe mu. Ku tura wannan ga wani uba ko kawu da kuka sani, wataƙila yau ya ɗaga wayar da ya daɗe yana ƙin ɗagawa.