Mutumin da Ya Sayar da Ciwon Yayansa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai sana'ar ɗaukar bidiyo. Sunansa ba zai amfane ku da komai ba, ni kuma ba zan ƙara masa tonon asiri a kan wanda ya yi wa kansa ba. Mai Kyamara mutane suke ce masa, mu ma haka za mu kira shi.

Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, mawaƙi ne sananne. Kada wani ya gyara zama ya ce yau Malam zai shiga hukuncin kiɗa. Wannan karatun wata rana ne. Yau zancen amana za mu yi.

Yayan nan shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Shi ya saya masa kyamararsa ta farko. Shi yake jan sa zuwa wuraren wasa, ya ce wa masu shirya taro, "Ƙanena ne. In ba shi zai ɗauka ba, ni ma ba zan hau ba." Da haka hannunsa ya faɗa. Duk babban wasan da Yaya ya yi a kan dandamali, Mai Kyamara ne yake ɗauka, ya tace, a buga faifai a rarraba a kantuna. Mutane su saya su kai gida, su zauna a falo da iyalansu, suna kallon fitilu da cincirindon jama'a kamar da su aka yi. In sabon faifai ya fito, Yaya yakan kalla ya yi dariya ya ce, "Kai dai ba abin da ka iya ɗauka kamar hancina. Ba ka da na'urar rage masa girma ne?"

A cikin faifan nan Mai Kyamara ya yi aure. A cikinsu ya kama shago, ya zuba kayan aiki, ya sa 'ya'yansa makaranta.

Wata safiya Yaya yana karyawa, sai kofi ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, ya bi kofin ƙasa. Shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallamo shi daga asibiti, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, hannun dama ya saki. Tunaninsa ma zuwa yake yana dawowa. Matarsa ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki. Inna, mahaifiyarsu, ta tattaro kayanta ta dawo gidan, ta shimfiɗa tabarma a gefen gadon ɗanta.

Wasa ya tsaya, faifai ya daina fitowa, shagon Mai Kyamara ya yi tsit.

Sai ya je wurin dillalin da ke buga musu faifai, ya ce ko za a sake buga tsofaffin wasannin.

Dillalin ya ce, "Tsohon wasa ai kowa yana da shi a gida. Abin da mutane ke tambayata kullum shi ne, yaya jikinsa? Wane hali yake ciki? Kai kaɗai kake shiga ɗakin nan."

Mai Kyamara ya ce, "Yayana ne fa."

"To ni cewa na yi ka zage shi? Tarihin rayuwarsa za ka haɗa. Karramawa ce."

Kun ji yadda Shaiɗan yake yi, ya 'yan uwa? Ba ya kiran laifi da sunansa. Sai ya yi masa wanka, ya sa masa riga mai kyau, ya raɗa masa sabon suna. Tarihi. Karramawa.

Mai Kyamara ya ɗauki kyamara ya tafi gidan Yaya. Ya ce wa Inna da matar Yaya zai riƙa ɗauka ne don likita ya ga yadda jiki ke tafiya, kuma in Yaya ya warke ya kalla ya ga halin da Allah ya fitar da shi daga ciki. Inna ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Matar Yaya takan gyara mayafinta ta buɗe masa ƙofa. Wa zai rufe wa ƙanin miji ƙofa?

Ya ɗauki Yaya ana ba shi abinci yana zubowa ta gefen baki. Ya ɗauke shi ana cicciɓarsa zuwa banɗaki, zanen da aka rufa masa yana zamewa. Ya ɗauki ranar da ya ɓata shimfiɗa, ya gane abin da ya faru, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ɗauki ranar da ya kalli matarsa ya tambaye ta ko ita wace ce.

Bai tsaya nan ba. Ya kawo makirufo ya damƙa masa a hannun hagu, ya ce, "Yaya, ɗan rera mana wani abu. Likita ya ce yana sakin harshe." Likita bai faɗa ba. Yaya ya tattara ƙarfinsa, saboda ƙaninsa ne ya roƙa. Abin da ya fito ba waƙa ba ce, nishi ne da gurnani, yawu yana dalala. Mai Kyamara ya matso da kyamara ya ce, "Ƙara, Yaya. Saura kaɗan."

Ya koma shago ya zauna gaban kwamfuta, ya yi aikin da ya fi kowa iyawa. Ya sa Yaya a kan dandamali yana rera wani baiti, cikin fitilu, jama'a suna ihu. Ya yanke, ya sa shi a kan gado yana kokawa da baitin nan dai. Ya yanke, ya mayar da shi dandamali. Kada ku ce bai san abin da yake yi ba. Ya sani. Hannunsa ya tsaya, zuciyarsa ta yi masa magana. Ana cikin haka aka kira azahar. Ya tashi ya yi sallah, ya dawo, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Faifai ya fito, aka yi rububinsa. Wasu suka kalla suka yi hawaye. Wasu suka kalla suka yi dariya. Samari suka riƙa karkace baki suna kwaikwayon muryar a bakin titi. Maƙwabta duk sun gani, amma tausayi ya hana su faɗa wa mutanen gidan. Inna ba ta kallo, matar Yaya kuwa ko lokacin tsefe kanta ba ta da shi.

Sai Allah ya kawo sauƙi. Yaya ya fara takawa da sanda. Magana ta fara dawowa, tunani ya zauna. Wata rana da hantsi ya ce wa ƙaninsa, "Na gaji da bangon nan. Kai ni shagon aski in ga mutane."

Mai Kyamara ya ce a ransa, in dai a unguwa ne, wani zai yi suɓutar baki. Sai ya sa shi a mota ya kai shi can wani gefen gari, inda yake ganin ba wanda zai kula da su. Yaya ya rame, gemu ya rufe masa fuska, ba wanda ya gane shi. Mai aski ya zaunar da shi gaban madubi, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya fara.

Akwai talabijin a maƙale a bango, bayan kujerar. Masu jiran layi suna hira, ɗaya ya ce, "Don Allah sa mana faifan mawaƙin nan, wancan bai gani ba." Aka sa.

Yaya ya ji muryarsa ta da, ya ɗaga ido ya dubi madubi, har ya fara murmushi. Sai hoto ya canza. Ya ga gadonsa. Ya ga tabarmar Inna. Ya ga kansa ba riga, matarsa tana goge masa jiki. Wani a benci ya karkace baki ya yi gurnani, sauran suka tuntsire.

Mai Kyamara ya zabura zai kashe. Yaya ya kama masa wuyan hannu da hannunsa mai lafiya. Ya ce, "Bari."

Ya kalla. Ya ji muryar ƙaninsa daga bayan kyamara tana cewa, "Ƙara, Yaya." Mai aski ya dubi madubi, ya juya ya dubi talabijin, ya sake duban madubi, injin aski ya tsaya a hannunsa. Masu dariya suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ya ce, a hankali, harshe yana sarƙewa, "Ashe da kake cewa in ƙara, wannan kake nema?"

Sai Yaya ya sake masa wuyan hannu.

Ya ce, "Mayar da ni gida."

Haka ya koma, rabin kai a aske, rabi da suma. Matarsa ta tambaya, bai amsa ba. Ta fita ta titsiye maƙwabciyarta, ta ji komai.

Daga ranar Yaya ya ajiye sanda. Ya ce a saki labule, kada a ƙara shigo masa da mai dubiya. Ya daina motsa jikin da likita ya sa shi. Mai Kyamara yakan zo ya durƙusa a bakin gado yana kuka, yana cewa, "Yaya, ka yafe mini. Ko zagina ne ka yi." Yaya ya juya fuska bango. Bai zage shi ba. Bai yafe masa ba. Ba a daɗe ba ciwon ya sake bugunsa, wannan karon bai tashi ba.

Bayan an kai shi, matar Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ƙanin mijinta. Ta ce, "Da hannuna nake buɗe maka." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Inna ta sa aka kira shi. Ta ce, "Ba zan yi maka baki ba, ni na haife ka. Amma kada ka sake zuwa inda idona zai gan ka."

Ya ruga wurin dillali ya ce a dakatar da faifan. Dillalin ya ce, "Yanzu da ya rasu aka fi nemansa? Ko ni na daina, masu kwafi sun riga sun buga nasu. Yana cikin wayoyin mutane. Wa za ka bi?"

Ya bi ɗin kuwa. Ya sayar da kwamfuta, ya sayar da fitilu, ya sayar da kyamarar kanta, yana bin kantuna yana saye faifan yana ƙonawa a bayan shago. Masu kwafi suka ji labarin akwai wani da ke kwashe duk abin da aka fitar, sai suka ƙara bugawa. Shi yana ƙonawa, su suna bugawa. Mawaƙa suka daina kiransa aiki. Masu biki suka ce wanda ya yi wa yayansa haka, wa zai shigar da shi cikin iyalinsa? Da ya fara ɗaukar kayan ɗakin matarsa yana kaiwa kasuwa, ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta. Inna ta kwanta ciwo, ta rasu. Sai bayan an dawo daga maƙabarta aka aika masa.

Ya je wurin wani malami ya zube, ya ce, "Malam, ina da sauran tuba?"

Malamin ya ce, "Ƙofar Ubangiji ba ta rufe ba. Abin da ke tsakaninka da Shi, ka roƙe Shi. Amma haƙƙin ɗan'uwanka nasa ne, shi ke da ikon yafewa."

"Malam, ya rasu."

"Na sani. Ka yi ta yi masa addu'a. Sauran sai ranar da za ku tsaya."

Yana nan da rai, ya 'yan uwa, in wannan rayuwa ce. Kansa ya taɓu. Yana yawo a tashar mota da bakin kasuwa, riga ta yi dauɗa. In ya ga mutane sun haɗa kai a kan waya suna dariya, sai ya matso ya haɗa hannuwa ya ce, "Don Allah ku goge. Don Allah ku goge." Su kuwa ƙwallo suke kallo, ko wani abin daban. Wasu su kore shi. Wasu su ɗaga wayar su ɗauke shi.

To, ina tambayar ku. Wanda ya saci kaya yana iya mayarwa. Wanda ya tona asirin ɗan'uwansa ya watsa a duniya, ina zai je ya tattaro? Marar lafiya amana ne a hannun wanda aka buɗe wa ƙofa. Abin da ka gani a ɗakin jinya, ba naka ba ne, ballantana ka kai shi kasuwa.

Kuma kada mu tattara laifin duka mu ɗora wa Mai Kyamara mu tashi muna kaɗe riga. Shi ya ɗauka, amma wa ya saya? Wa ya ce a sa mana? Wa ya tura wa abokinsa? Da ba masu kallo, da dillali bai nema ba. Kowannenmu nan da waya a aljihunsa. Ka duba taka. Hawayen wa ke ciki? Tsiraicin wa? Wane bawan Allah ne ya faɗi a hanya, kai ka tsaya kana ɗauka? Kai da kake da lafiya yau, wa ya ba ka tabbacin ba za a cicciɓe ka gobe ba? A ranar, wane irin ɗan'uwa kake so ya tsaya a kanka?

Ya Allah, Ka rufa mana asiri, Ka sa mu zama masu rufa na wasu. Ka ji ƙan marasa lafiyarmu, Ka tsare su daga idon da ba tausayi. Kada Ka ɗauki ran wani yana riƙe da mu a zuciya, kada Ka ɗauki namu da haƙƙin wani a wuyanmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye hannayenmu da abin da suke ɗauka. Amin.