Jawabin Kakaki a Bayan Fom ɗin Gola

A bakin wani titi mai yawan hayaniya akwai wani mai gyaran rediyo da fanka da kowa ke kira Kakaki. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Idan hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta yi wani shirme, Kakaki ne zai fara ji, shi ne kuma na ƙarshen yin shiru. Mutum ne mai fara'a da son jama'a, hannunsa kuma ya iya aiki, sai dai yana da aibi guda. Laifin wani yana hango shi tun daga nesa, nasa aikin kuwa kullum sai gobe. Fankoki ne jere a shagonsa har saman kanta, wasu sun yi wata uku da kwance kawunansu. Mai kaya zai zo a fusace, Kakaki ya tare shi da dariya, ya ba shi benci, ya cika shi da labarin ƙwallo, har mutum ya tashi ya tafi ya manta abin da ya kawo shi.

Kowace Alhamis da safe gidan rediyon garin yana shirin wasanni wanda masu sauraro ke buga waya, kuma Kakaki bai taɓa fashi ba. Tun ana saura kwana biyu yake rubuta abin da zai faɗa da jan biro, a kan duk takardar da hannunsa ya taɓa, ko bayan kalanda ne ko kwalin batir. A yi masa adalci, ba ƙarya yake yi wa hukumar ba. Mutanen nan sun taɓa tura ƙungiyar matasa wasa da rigunan manya, yara suna gudu riga na dukan gwiwa. Sun taɓa manta 'yan wasa biyu a filin jirgi. Duk mai son ƙwallo yana jin haushinsu, Kakaki dai ya fi kowa iya faɗa.

Babban ɗansa mai tsaron raga ne, shi ya sa ake kiransa Gola. Dogo ne, marar yawan magana, tafin hannunsa kamar faranti. Shekararsa goma sha shida da wata takwas, kuma tun yana ƙarami ba shi da burin da ya wuce ya saka rigar ƙasa.

Wata Litinin kocin unguwa ya shigo shagon da ambulan a hannu, bakinsa har kunne.

"Kakaki, albishirinka. An gayyaci Gola gwajin ƙungiyar ƙasa ta 'yan ƙasa da sha bakwai."

Kakaki ya miƙe har ya ture kwalbar sukurori. Ya fita bakin titi ya shaida wa tela maƙwabcinsa, ya shaida wa mai faci, har wani mai wucewa da bai san shi ba sai da ya sha labari.

Koci ya jira ya dawo, sannan ya ce, "To ka saurare ni da kyau. Ga fom nan. A liƙa hoto, uba ya sa hannu, ya kai ofishin hukuma na garin nan da kansa, da katin shaidarsa. Laraba ta sama ƙarfe huɗu ake rufewa. Kuma ka san shekarun yaron nan, baɗi ya wuce. Wannan ce kaɗai damarsa."

"Kwana tara fa ke nan," in ji Kakaki. "Koci, ni za ka koya wa wa'adi? Ai ni nake koya wa hukuma."

A daren ranar matarsa ta cike sunan yaron da kyakkyawan rubutunta. Washegari ta sa Gola ya ɗauki hoto, ta liƙa da gam, ta danne da littafi har ya bushe. Abin da ya rage sa hannu da kaiwa kawai.

"Maigida, ga shi nan. Ka sa hannu mana tun yanzu."

"A gabansu zan sa, su ga irin hannun da ke rubuta musu gaskiya. Gobe zan kai."

Gobe ta zo aka yi ruwa. Jibi wani abokinsa ya zo suka yi gardamar wasa har la'asar. Ran Asabar ya ce ai ofis a rufe yake, kuma da gaskiyarsa. Ran Litinin matar ta saka fom ɗin a aljihun rigarsa da hannunta, ta raka shi har ƙofa, ya yi rantsuwa daga shago can ya nufa. Ya isa shago ya kife takardar a kan tebur, ya danne ta da wata tsohuwar rediyo don kada iska ta ɗauke, ya kunna tasa rediyon ya ji labarai kafin ya fita.

Labarin da ya ji ne ya lalata komai. An kori ƙungiyar ƙasa ta 'yan ƙasa da ashirin daga gasar da ta sha wahala kafin ta samu gurbi, saboda hukuma ta tura sunayen 'yan wasa bayan wa'adi ya cika da kwana ɗaya. Yara sun yi wata huɗu a sansani, an ce su kwashe jakunkunansu su koma gida.

Gari ya ɗauki zafi. Kafin azahar shagon Kakaki ya cika maƙil, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Mai gabatar da shirin wasanni ne da kansa. Ya ce wannan makon ba waya Kakaki zai buga ba, cikin ɗakin watsa shiri ake son sa ran Alhamis, ya yi magana da yawun 'yan kallo.

To, kun san mutumin. Tun daga wannan lokaci ƙafarsa ba ta ƙara taɓa ƙasa ba. Ya sayi sabon jan biro. Ya kai babbar rigarsa guga. Ya yanke shawarar zai lissafa laifuffukan hukuma goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, yadda ko kurma sai ya ji.

Tela ya leƙo ran Talata ya same shi yana rubutu yana gyaɗa kai. "Kakaki, a rediyo za ka yi magana fa, ba wanda zai ga rigar."

"Murya ma tana jin guga," in ji Kakaki, ko ɗago kai bai yi ba.

Ran Laraba da hantsi ya kai laifi na shida, takarda ta ƙare. Ya laluba tebur, ya ga wata fara tas a ƙarƙashin tsohuwar rediyo, ya jawo ta ya ci gaba. Bai juya ta ba, don a lokacin hankalinsa na kan kalmar da ta fi zafi tsakanin sakaci da ganganci. Ƙarfe huɗu ta buga yana kan na goma sha ɗaya, yana karanta wa mai faci, mai faci na tafa masa.

Da magariba ya koma gida ya tsaya gaban madubi yana gwada murya. Matarsa ta leƙo daga kicin.

"Maigida, an gama dai ko?"

"Komai ya kammala," in ji shi, jawabinsa yake nufi.

Ta ce alhamdu lillahi, ta koma kan tukunyarta da farin ciki. Gola da ke wanke safar hannunsa a tsakar gida ya yi murmushi shi kaɗai.

Ran Alhamis Kakaki ya tafi gidan rediyo da Gola, don yaro ya ga yadda ubansa ke gyara ƙasa. Aka zaunar da Gola a bayan gilashi, aka shigar da Kakaki ciki, aka ɗora masa abin ji a kunne. Jar fitila ta kama, ya gyara murya ya fara. Kai, ranar Kakaki ya yi magana. Takarda ta farko ta ƙare mai gabatarwa na gyaɗa kai, wayoyi na ta shigowa. Ya ajiye ta, ya ɗaga ta biyu daidai fuskarsa.

"Na bakwai," ya ce, "mutanen nan ba su san darajar lokaci ba. A ba ka takarda, a gaya maka rana, a gaya maka sa'a, ka zauna a kanta har lokaci ya wuce. Wanda ya yi wa ɗan wani haka, ina tambaya, shi ba shi da ɗa ne?"

Yana karanta bayan takardar, gabanta kuwa yana kallon mai gabatarwa da gilashi. Gola ne ya fara gani. Ya miƙe tsaye a hankali. Mai gabatarwa ya bi idon yaron, ya dubi takardar, ya kasa riƙe bakinsa.

"Gafara dai, Kakaki. Wannan hoton wane ne a takardarka? Na ga kamar tambarin hukuma."

Kakaki ya juya takardar. Ga Gola yana kallonsa daga ɗan ƙaramin hoto, ga rubutun matarsa, ga gurbin sa hannun uba fari fat. A ƙasa an rubuta Laraba, ƙarfe huɗu na yamma. Gumi ya keto masa ta cikin gogaggiyar riga. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya buɗe baki, duk gari na saurare, abin da ya fito kawai shi ne, "Yau wace rana ce?"

"Alhamis," in ji mai gabatarwa, sannan ya yi maza ya saka talla.

Ba su tsaya sallama ba. Suka tari babur, uba a tsakiya, ɗa a baya, suka nufi ofis. Ofishin hukumar ɗaki biyu ne a saman wani bene. A na farkon akwai wata sakatariya mai tabarau, da 'yar rediyo a gefen teburinta, tana kan tashar da suka baro.

Kakaki ya yi sallama da wata siririyar murya, ya miƙa fom da katin shaida da hannu biyu.

Ta dube shi ta saman tabarau. "Muryar nan na san ta. Kai ne Kakaki?"

"Ni ne, Hajiya."

Ta juya fom ɗin ta ga jan rubutu. Ba ta yi gaggawa ba. Ta gyara zama ta karanta a bayyane, tun daga na bakwai har na goma sha biyu, tana tsayawa bayan kowanne tana dubansa. Masinja da ke bakin ƙofa ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Kakaki ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Rubutunka da kyau," in ji ta. "Kuma yawanci gaskiya ne, ni ma nan ina fama da su. Amma an rufe karɓa tun jiya ƙarfe huɗu."

"Hajiya, ki dubi Allah. Laifina ne ni kaɗai. Yaron nan ba shi da wata shekarar."

Ta dubi Gola da ke tsaye jikin bango, kansa a sunkuye, manyan hannuwansa a baya. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sa ƙafa ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da fom-fom.

"Jiya da yamma ya kamata kwalin nan ya tafi hedikwata," ta ce. "Direba ya tafi da makullin mota, an neme shi a waya ba a samu ba. Sai anjima za a tafi da shi. Sa hannu a nan."

Kakaki ya sa hannu. Ya ɗan matso ya rage murya. "Ko da wani sabon fom, in sake cikewa? Saboda abin da ke bayan nan."

"Babu saura. Haka zai tafi, su ma su karanta." Ta jefa shi cikin kwali, ta dubi Gola. "Ɗana, Allah ya ba da sa'a. Ka kama ƙwallo da kyau."

Suka sauko daga bene. Iska ta bugi Kakaki, jini ya dawo jikinsa, baki kuma ya dawo tare da shi. Ba su yi taku ashirin ba ya fara.

"Ka ji ko? Direba ya tafi da makulli. Takardun yaran gari guda a ƙarƙashin tebur. Wannan hukuma dai, wallahi sati mai zuwa sai na..."

"Baba," in ji Gola.

Kakaki ya tsaya, don ba kasafai yaron ke katse shi ba.

"Da ma'aikatan nan suna aiki yadda kake cewa su yi, da yau na rasa."

Bai faɗa da fushi ba, ya faɗa ne kamar mai ba da labari, ya ci gaba da tafiya. Kakaki ya tsaya a gefen titi cikin babbar rigarsa, yana bin yaron da kallo. Daga nan har gida a bayan ɗansa ya taka, kuma ranar ko tela bai ji muryarsa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ganin laifin shugabanni da faɗarsa ba aibi ba ne, kuma hukumar da ta yi wasa da wahalar matasa ta cancanci a gaya mata gaskiya. Amma kowane ɗayanmu hukuma ne a wajen wani, akwai wanda makomarsa ke jiran sa hannunmu. Kafin mutum ya ɗauki biro ya lissafa sakacin wasu, ya fara sauke abin da aka damƙa masa, ya sauke shi yau. Kakaki ya tsira ne da sakacin wani, kuma ba kullum direba ke tafiya da makulli ba.