Ranar Hoton Zuciyar Jatau

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai suna Jatau, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Ɗinkin hula yake yi a bakin kasuwa. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Alhaji Barau, babban dillalin hatsi, sai kuma Allah ya haɗa su da ciwo iri ɗaya: zuciyarsu ba ta bugawa daidai. Likita ya ce jini kan daskare a wani lungu na zuciyar, in gudan ya ɓalle ya hau kai, sai shanyewar ɓarin jiki. Aka sa wa kowannensu wata 'yar na'ura ta toshe lungun. Aka ce su dawo a tura su cikin babban injin nan mai ɗaukar hoton zuciya, a ga ko na'urar ta zauna daram, ko jini ya taru a kanta.

To, ku saurara. Barau yana da gida, yana da mota, yana da rumbuna. Abu ɗaya ya rasa, mutane. Da aka sallamo su, ƙofar Jatau ta cika da takalman 'yan dubiya, wannan da kunu, wancan da addu'a. Barau yana leƙe ta taga, abin yana cin sa.

"Me suka gani a jikin mai ɗinkin hula?" in ji shi.

Injin nan guda ɗaya ne, layi kuwa ya yi tsawo. Aka sa wa Jatau rana kusa, ta Barau sai bayan damina. Jama'a, ku ga hassada! Barau ya bi majalisa majalisa yana cewa Jatau kamun ƙafa ya yi, wai ciwon nasa ma na neman tausayi ne. Magana ta je kunnen Jatau, ya ci gaba da harkar gabansa.

Ana gobe za a ɗauki hotonsa, Jatau ya shiga gaishe da maƙwabcinsa. Suna zaune sai kofi ya suɓuce daga hannun Barau, harshensa ya yi nauyi, can kuma abin ya sake shi.

"Ba komai ba ne," in ji Barau. "Kada ka je ka yi tallata a gari."

"Alhaji, tashi mu tafi asibiti."

Da ƙyar ya yarda. Likita ya duba shi ya ce lallai a ga zuciyar nan da wuri, amma babu gurbi. Jatau ya ce, "Likita, a ba shi ranata."

"Malam Jatau, kai ma ba mu san abin da ke cikin taka ba. Za ka daɗe kana jira."

"Na ji. Amma ni hannuna bai saki kofi ba."

Aka ɗauki hoton Barau, sai ga gudan jini kwance a kan na'urar. Aka ɗora shi kan maganin tsinka jini, ya tsira. Jatau kuwa damina guda ya yi da fargaba, matarsa tana kuka, in yatsansa ya yi sanyi sai gabansa ya faɗi. Da ranarsa ta zo, Allah ya rufa asiri, tasa lafiya lau.

Kuna tsammani Barau ya gode? Ina! Cewa ya yi, "Don a yabe shi ya yi."

Aka kawo wa Jatau maganar yana kan ɗinki. Ya ɗago ya ce, "Da bakinsa ya faɗa, tar kuka ji? Alhamdu lillahi, harshen ya tsira ke nan."

'Yan'uwa, hassada ba ta jin magani, ko ranka ka ba mai ita sai ya ce da wata manufa. Saboda haka in za ka yi alheri, yi don Allah, kada ka tsaya jiran godiya. Kai kuma da kake zaune nan, in alherin maƙwabcinka yana hana ka sakewa, ka san ciwon a ƙirjinka yake, kuma babu likitan da zai cire maka shi sai ka tuba. Allah ya wanke mana zukatanmu.