Rijiyar Cindo da Zomayen Iya Tasalla

An ce wai a garin Rafin Gawo an yi wani alƙali, Malam Haladu, mutum mai sanyin magana da zafin hukunci. Rijiyoyin garin nan duk zartsi ne, ka kurɓa ka yamutsa fuska, in ban da guda ɗaya da ke gidan wani attajiri mai suna Alhaji Cindo. Ruwanta garai-garai, ga sanyi kamar na randa. Allah ya ba da ruwa kyauta, Cindo ya yi masa murfi ya datse da kwaɗo, ba ka samun ko moɗa ɗaya sai ka biya. Shi ne fa ake cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Bayan sayar da ruwa kuma yana harkar rogo, ana jiƙa mai ɗacin nan a manyan tukwane a bayan gidansa.

A jikin katangarsa akwai wata tsohuwa, Iya Tasalla. Mijinta ya rasu, 'yarta guda tana aure a wani ƙauye, ba ta da abokan hira sai zomaye biyar. Ba na sayarwa ba ne, ba na tukunya ba ne, kowanne da sunansa. Ɗan abin da ta samu a kaɗi, ruwan Cindo take saya musu da shi, ta tace da farin ƙyalle, ta wanke kaskonsu safe da yamma, ita kuwa ta sha zartsi. Mutane suna yi mata dariya, suna cewa, "Iya, ai zomo ba ya shan ruwa, raɓa ta ishe shi." Sai ta ce, "Wanda ya faɗa muku haka bai taɓa zama zomo da bazara ba."

Ana nan sai 'yarta ta haihu, ya zama dole ta tafi zaman jego. Ta ɗauki akurkin zomayen ta kai ƙofar gidan Cindo, yana zaune da jama'a. Ta durƙusa ta ce, "Alhaji, ga amana. Dusa na kawo, ganyen dankali na kawo. Ruwa kaɗai nake roƙo, na rijiyarka, kuma a riƙa wanke kaskon."

Cindo ya dubi jama'a ya gyara babbar riga, ya ce, "Haba Iya, ai ke uwa ce. Je ki, kamar kina nan."

Kamar tana nan! Ko ƙurar tafiyarta ba ta kwanta ba ya dubi zomayen ya ja tsaki. Ruwan da mutane ke layi a kansa, shi zai zuba wa waɗannan masu dogon kunne? Ya sa ƙoƙo ya ɗebo ruwan jiƙon rogo ya tuttula musu. To, ko yaron goye a Rafin Gawo ya san ruwan nan akuya ma in ta sha sai ta faɗi, balle zomo da cikinsa bai fi ƙwan kaza ba. Ba jahilci ba ne, rowa ce tsagwaronta. Kaico da mutumin da ke zaune a kan rijiya ya kashe dabba da ƙishi da guba!

Da Iya Tasalla ta dawo, ta tarar huɗu sun mutu an jefar a juji. Saura ɗaya, Auta, ƙaramar cikinsu, wadda manyan ke turewa daga bakin kasko, turewar ce ta yi mata rana. Tsohuwa ta ɗauki kaskon ta sansana, tsamin rogo ya bugi hancinta. Ta tsaya a ƙofar gidan tana kuka tana cewa, "Alhaji, ka ci amana! Ruwan rogo ka ba su!"

Cindo ya fizge kaskon ya fasa a ƙasa. Mai laifi ya riga mai gaskiya zuwa gaban alƙali, ya kai ƙara wai tsohuwa ta ɓata masa suna a bainar jama'a, yana so a tashe ta daga unguwar. Ku duba fa, wanda ya yi kisa shi ke neman diyya. Ita kuwa in aka tashe ta, ba ta da inda za ta sa kanta, ɗakin nan shi ne abin da mijinta ya bar mata.

Aka taru. Alƙali ya ce, "Iya, kina da shaida?"

Ta ce, "Allah gafarta Malam, shaidata kasko ne, ya fasa shi. Sai wannan," ta buɗe gefen mayafinta, Auta ta leƙo, "ita kuwa ba ta da baki."

Wasu suka yi dariya. Alƙali bai yi ba. Ya san ƙa'ida, mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa ya rantse. Ya kuma ga Cindo har ya nannaɗe hannun riga, rantsuwa a bakinsa kamar kurɓar kunu. In ya bi zahiri, tsohuwa ta rasa ɗaki ta kuma koma maƙaryaciya. In ya bi abin da zuciyarsa ta gaya masa, ya yi hukunci ba hujja. Ya shafa gemu.

Can ya ce, "Alhaji, wane ruwa ka ba su?"

"Na rijiyata, Allah gafarta Malam. Da hannuna nake ja."

"Ba wani ruwa da ya taɓa shiga kaskon? Ko na wanki, ko na kwata?"

"Ko ɗigo. Jama'a su shaida."

"Abincin fa?"

"Wanda ta kawo, lafiyayye, har akuyata ta ci ragowar."

Alƙali ya ce, "Madalla. Na karɓi maganarka, ba sai ka rantse ba." Cindo ya washe baki yana duban tsohuwa. Alƙali ya ci gaba, "Dabbobi huɗu lafiyayyu sun ci abinci mai kyau, sun sha ruwan rijiya ɗaya, sun mutu. Ashe rijiyar ce ta ɓaci. Yau zomo ne, gobe jariri ne, ni kuwa ba zan jira gawar mutum ba. Dogarai, ku tara majiya ƙarfi da kwanduna, a cike rijiyar Alhaji da ƙasa kafin la'asar. Mai shela ya zaga gari, kowa ya zubar da ruwan da ya saya."

Cindo ya miƙe zumbur, hula ta faɗi bai sani ba. "A cike me? Wallahi rijiyata ƙalau take! Ko ɗigonta ba su sha ba! Ruwan rogo na zuba musu, ruwan rogo ne!"

Sai da maganar ta fita ya kama bakinsa, amma ina, ta riga ta shiga kunnen kowa.

Muryar alƙali ta sauya. Ya ce, "Tir da halinka, Cindo. An ba ka amanar masu rai a gaban mutane, ka karɓa don a yabe ka, ka ci ta a ɓoye inda kake zaton ba mai gani. Ka ji tsoron ƙasa ta shiga rijiyarka, ba ka ji tsoron ranar da za ta rufe ka ba. Kana cewa zomo ne kawai. Wanda ya halicce ka shi ya halicce shi, kuma ƙishinku iri ɗaya ne."

Ya yanke hukunci. Iya Tasalla tana nan a ɗakinta har iyakar ranta. A cire kwaɗon rijiya, dabbar kowa a unguwar ta sha ba biya. Kuma kullum safiya Cindo da kansa zai ja gugan farko, ya wanke sabon kasko, ya cika, ya kurɓa a gaban tsohuwa, sannan ya ajiye wa Auta.

Iya Tasalla ba ta yi guɗa ba. Ta share hawaye ta ce, "Allah ya saka, Malam. Amma huɗun nan dai ba za su dawo ba." Alƙali ya sunkuyar da kai, don wannan maganar ba shi da hukuncinta.

Aka ce tun daga ranar, in ka bi ta unguwar da sassafe, za ka ga attajiri da babbar riga a tsugune gaban akurki, yana jiran zomo ya gama sha ya ɗauki kasko.

Shi ya sa masu hankali suka ce: ruwan da ba za ka iya kai wa bakinka ba, kada ka ajiye wa wanda ba shi da bakin ƙi. Mara baki ma yana da mai tsaya masa.