Ha'inci a Ƙarƙashin Mota

An yi wani mutum, bakanike, wanda Allah ya ba shi hannu. Ƙananan motoci masu shan dizal ya fi ƙwarewa a kansu. In ya kasa kunne ya ji kukan inji, kafin ya ɗaga murfi ya gaya maka ciwonsa. Garejinsa rumfar kwano ce kawai, da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota da benci, amma bencin nan ba ya rabuwa da masu jira.

Ya 'yan uwa, aikin juyen mai ba shi da wuya. A ɗumama inji, a kwance notin ƙasa, tsohon baƙin mai ya tsiyaye. A cire tsohuwar filta, a shafa wa robar sabuwar ɗan mai a ɗaura, a zuba sabon mai a duba geji. Sai dai aiki ne da ake yi a ƙarƙashin mota, inda idon mai ita ba ya kaiwa. Ta nan Shaiɗan ya ɓullo masa.

Wata rana ya kwance wata filta, ya juya ta a hannu, ya ce a ransa ai wannan da sauranta. Ya goge ta da tsumma ya mayar, sabuwar da mai motar ya kawo kuwa ya ɓoye a lungun rami, daga baya ya sayar wa wani. Ranar ko sallar la'asar bai san abin da ya karanta ba. Mako ya zagayo, ba wanda ya dawo da ƙorafi. Ya sake. Daga nan ya koma tace tsohon mai da ƙyalle yana gaurayawa da sabo. Matarsa ta ga galan-galan a bayan ɗaki ta tambaye shi, ya ce ta ji da tukunyarta, shi zai ji da sifanarsa. In abokan sana'a suna zancen maha'inta kuwa, muryarsa ta fi ta kowa wajen Allah wadai.

Cikin masu kawo masa mota akwai wata ma'aikaciyar jinya, matar amininsa da ya rasu. Motar ma ta marigayin ce. Yaya take ce masa. Wata safiya ta zo da galan ɗin mai da filta a kwalinta, ta shaida masa gobe za ta kai mahaifiyarta babban asibiti a wani gari, an sa wa tsohuwar ranar tiyata.

"Yaya, hanya ce mai nisa, ga mara lafiya. Na bar maka amana."

Ya ce, "Haba ƙanwata, ai motar nan tawa ce."

Da niyyar yin gaskiya ya sauka ramin. Amma hannun da ya saba, wa yake shawarta? Ya dubi tsohuwar filta, wadda shi da kansa ya riga ya goge har sau biyu, robarta ta bushe. Ya ce tafiya ɗaya dai za ta kai. Ya goge, ya ɗaure.

Ba ta kai ba. Da rana tsaka, nesa da kowane gari, robar ta tsage, mai ya zube, jar fitila ta kama, injin ya buga ya tsaya. Suka yi awa huɗu a bakin hanya, tsohuwa na nishi a kujerar baya, 'yarta na yi mata fifita. Da suka isa lokaci ya wuce, jiki kuma ya yi rauni. Bayan kwana biyu tsohuwar ta rasu.

Ajali na Allah ne, ba mai ja. Amma wanda ya ci amana, me zai ce?

Wani dattijon bakanike ya jawo motar. A gaban jama'a ya kwance filtar, ya murza man a yatsunsa, ya girgiza kai, ya faɗi abin da ya gani.

Bayan an share makoki ma'aikaciyar jinyar ta zo garejin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye filtar a kan benci, ta ce, "Ga kayanka. Kai ka ɗauki makarar mijina, shi ya sa ban taɓa leƙa ramin nan ba."

Ta juya ta tafi.

Labari ya bazu. Kowa ya kai motarsa wani wuri a duba, kowa ya tarar da irin nasa. Ƙungiyar masu sana'a ta cire shi. Matarsa ta gaji da nunin da ake yi mata a unguwa, ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta. Ya sayar da kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, ya bar garin. Wani direba ya ce ya gan shi a wata tasha yana wanke tayoyi, da ya kira shi sai ya juya fuska.

Ya 'yan uwa, kowannenmu yana da wurin da ba a ganinsa: tela da ragowar yadi, magini da siminti, mai awo da mudu. Zunubin da ya hana ka barci ranar farko, in ba ka tuba ba, wata rana za ka yi shi kana hira. Kuma ba kai ke zaɓen wanda sharrinsa zai faɗa wa ba. In mai kaya bai gani ba, Ubangijinsa fa?

Allah ya ba mu ikon riƙe amana a ɓoye da sarari, ya tsarkake abin da muke kai wa iyalanmu. Allah ya kiyaye mu.