Hular da Aka Ɗinka wa Tirela

An ce wai a wata tashar manyan motoci an yi wani Sarkin Tasha, Malam Jatau, wanda ba ya yanke hukunci sai ya ga motar da idonsa.

Wata rana direba Barau ya shigo yana huci, riƙe da wuyan rigar wani dattijon makanike mai suna Ilu.

"Ranka ya daɗe, turbo na ba shi gyara, wannan mai cusa wa inji iska. Yanzu motata ba ta hawa tudu, sai baƙin hayaƙi. Ya musanya mini da tsoho. A kore shi daga tashar nan."

Ilu ya ce, "Wallahi lafiya lau ta bar hannuna. Ya hana ni ko taɓa ta in duba."

Korar makanike daga tasha kuwa korarsa ce daga sana'a, don direbobi ba sa riƙe labari.

Jatau ya zagaya tirelar. A bakin bututun da inji ke shaƙar iska ya ga wata hular fata mai tuntaye ja da kore, an ɗaure ta tam.

"Wannan fa?"

Barau ya ce, "Uwargida ce ta ɗinka bayan gyaran, saboda ƙura. Duk hanyar Jos babu mai irinta."

Nan take Jatau ya gane. Sai dai ya san halin Barau: in aka kushe ɗinkin matarsa, zai ce baki aka haɗa.

"To, tsere ne zai raba ku," in ji shi. "Ku zagaya tasha da gudu. Amma kai Barau, bari in tsare ka daga ƙura." Ya warware rawaninsa, ya naɗe masa hanci da baki.

Suka zuba. Ba a kai rabi ba Barau ya fara tangaɗi, ya fizge rawanin yana haki.

"Ranka ya daɗe, ai wannan kisa ne. Ta ina zan sha iska?"

"Kai kana da hannun fizgewa. Ita motar fa?"

Barau ya dubi hular, sannan ya fashe da dariya, ya hau ya kwance ta da kansa. Ilu ya kakkaɓe matatar iska, ya murza makulli. Turbo ya ɗauki fito, hayaƙi ya washe, tasha ta kaure da shewa.

"Oga Ilu, ka yafe ni."

"Na yafe. Amma ka shaida wa uwargida tsoho ya tsere maka."

Ashe kariyar da ta hana numfashi cuta ce, kuma mutum ya fi saurin gane kuskurensa in ya ji shi a jikinsa.